Hanyar da Osi Umenyiora ya bi ba ita ake nuna wa samarinmu ba

A watan Yunin 2022 hukumar NFL, mai shirya babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, ta kafa sansaninta na farko na neman 'yan wasa a nahiyar Afirka, a ƙasar Ghana. Shekara na zagayowa aka tafi Kenya, a 2024 kuma aka sauka a Legas. Duk inda aka je mutum ɗaya ne a gaba, wato Osi Umenyiora, tsohon mai tsaron baya na ƙungiyar New York Giants, ɗan asalin ƙabilar Ibo, wanda ya ɗaga kofin Super Bowl, wato kofin zakarun gasar, har sau biyu. Shi ake nuna wa samari dogaye masu ƙirar ƙarfi, a ce musu ga ɗan'uwanku nan, abin da ya yi ku ma za ku iya. Ba na zargin niyyar Osi, kuma ba na cikin masu cewa a rufe ƙofar. Damuwata ita ce hanyar da ya bi ya kai inda ya kai daban take da wadda ake shimfiɗa wa samarin nan, kuma inda hanyoyin biyu suka rabu, nan ne abin da ke ceton ɗan wasa ranar da jikinsa ya ce ya gaji.

Galibinmu ba ma kallon wasan, don ana buga manyan wasanninsa ne lokacin da dare ya raba a wajenmu. Ya fi kusa da zari-ruga a kan tamaular da muka saba da ita. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, amma masu kai hari daban, masu tsaron baya daban, ana musanya su gaba ɗaya gwargwadon wanda ƙwallo ke hannunsa. Ran wasan shi ne mai jefa ƙwallo, wanda suke kira kwatabak. Aikin irin su Osi shi ne su durƙusa a gefen layin gaba, da zarar ƙwallo ta motsa su ratsa ta jikin wani ƙato mai nauyin kilo 140 ko fiye, su kai kwatabak ƙasa kafin ya jefa. Lokacin da suke da shi bai wuce daƙiƙa uku ba. Wanda ya taɓa kallon kokawar gargajiya ya san lokacin nan da 'yan kokawa biyu suke haɗa ƙirji kowa na neman ƙafar ɗan'uwansa. To, a ce ana maimaita wannan haɗuwar sau arba'in ko hamsin a yammaci guda, da gudu, kowa sanye da hular kwano. Duk kayarwar da aka yi wa kwatabak ana rubuta ta, sak suke ce mata, kuma da yawanta ake auna darajar mutum da kuɗinsa.

An haifi Osi a Landan a 1981. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka dawo da shi Najeriya, yana 14 aka tura shi garin Auburn da ke jihar Alabama don ya yi karatu. Karatu ya je yi, a riƙe wannan. A makarantar sakandare ta garin ne ya fara ganin wasan ido da ido, ya shiga daga baya bayan tsararrakinsa sun daɗe a ciki. Manyan jami'o'in da suka yi suna a wasan ba su waiwaye shi ba, sai wata ƙaramar jami'a mai suna Troy State ta ba shi gurbin karatu kyauta. Wani abin mamaki, abokin karatunsa a wannan sakandare, DeMarcus Ware, shi ma Troy ya tafi, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin gwanayen kayar da kwatabak a tarihin gasar. Ko taron gwajin da NFL take kiran fitattun ɗalibai duk shekara ba a gayyaci Osi ba. Duk da haka, a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2003 Giants ta ɗauke shi a zagaye na biyu, shi ne mutum na 56 da aka kira sunansa.

Idan aka lissafa, kafin ya taka filin NFL ya yi shekarun sakandare da na jami'a yana koyon sana'ar a tsakanin sa'o'insa, da kociyoyi da likitoci, yana kuma zama a aji. Ya koyi yadda ake sa hannu, yadda ake faɗuwa, yadda ake karanta ƙafar abokin karawa. Ya koyi ƙasar da mutanenta. Ya san abin da kwantiragi yake nufi kafin a ajiye masa ɗaya a gaba.

Shekarunsa na ganiya sun cancanci duk yabon da ake musu. A kakar 2005 ya yi sak 14 da rabi (ana rubuta wa mutum rabi idan su biyu suka haɗu suka kayar), aka sa shi cikin zaratan gasar, ƙungiyar kuma ta tsawaita masa kwantiragi na shekara shida a kan kusan dala miliyan 41. Ranar 30 ga Satumban 2007, a karawa da Philadelphia Eagles, shi kaɗai ya kai kwatabak ɗinsu Donovan McNabb ƙasa sau shida a dare guda, saura ɗaya ya kamo tarihin da Derrick Thomas ya kafa a 1990. Sai kuma watan Fabrairun 2008, lokacin da Giants ta haɗu da New England Patriots a wasan ƙarshe. Patriots ta zo da nasara 18 a jere ba a taɓa doke ta ba a kakar, ga kwatabak ɗinta Tom Brady a kan ganiyarsa. Layin gaba na Giants, su Michael Strahan da Justin Tuck da Osi, suka hana Brady sakat, aka kayar da shi sau biyar, aka tashi 17 da 14. Wannan shi ne hoton da ake nunawa a sansanonin Afirka, kuma gaskiya ne, babu ƙari a ciki.

Amma bayan wata shida kacal, a Agustan 2008, a wani wasan share fage da New York Jets wanda ko maki ba a lissafa shi, guringuntsin gwiwar Osi ya yage. Aka yi masa tiyata, kakar gaba ɗaya ta wuce shi. Ya dawo a 2009, amma a 2010 ƙungiyar ta yi amfani da zaɓenta na zagayen farko ta ɗauko Jason Pierre-Paul, saurayin da ke buga gurbinsa. Babu wanda ya yi masa laifi a nan, haka tsarin yake. Duk shekara akwai zagaye bakwai na zaɓe, ana shigo da samari sama da 250, masu arha, masu sabuwar gwiwa. Osi ya mayar da martani a fili, ya yi sak 11 da rabi a 2010, ya kuma fizge ƙwallo daga hannun abokan hamayya sau goma. Da ya nemi a gyara masa albashi ya yi daidai da na takwarorinsa, sai rigima ta ɓarke tsakaninsa da shugabannin ƙungiyar, aka yi ta cacar baki a jaridu. A 2011, lokacin da masu ƙungiyoyi suka kulle ƙofa suka hana 'yan wasa aiki saboda taƙaddamar rabon kuɗi, Osi yana cikin mutum goma da suka sa sunansu a ƙarar da aka kai NFL kotu, tare da Brady ɗin nan da suka kayar. A shekarar aka sake yi masa aiki a gwiwa. Ya sake cin kofi a Fabrairun 2012, ya yi kaka ɗaya bayan nan, sannan ya koma Atlanta Falcons na shekara biyu. A 2015 ya yi ritaya yana da shekara 33, da sak 85 a littafinsa.

Wannan fa labarin wanda ya yi nasara ne, nasara irin wadda mutum ɗaya cikin dubbai ke samu. Ƙungiyar 'yan wasan NFL ta daɗe tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a gasar bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Ita hukumar takan ce lissafin ya haɗa da waɗanda ba su taɓa samun gurbi ba, don haka ya yi ƙasa da yawa. Ko da an bi nata lissafin, sana'a ce da yawancin masu yin ta suke barinta kafin su cika shekara 30. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace tana shiga atisayen bazara da mutum 90, kafin a fara kaka ta rage su zuwa 53. A mako guda na ƙarshen Agusta ana sallamar mutum sama da dubu. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma hoton saurayi sanye da rigar ƙungiya a watan Mayu ba ya nufin zai buga ko da wasa ɗaya a Satumba.

Akwai wani abu da mai bin gasar Firimiya ta Ingila zai yi wuya ya yarda da shi. A Turai, idan ƙungiya ta rattaba hannu da ɗan wasa shekara huɗu, ko ya karye ko ya lalace, kuɗinsa na nan sai an biya ko an sasanta. A NFL ba haka ba ne. Adadin da ake bugawa a kanun labarai yawancinsa alƙawari ne da ƙungiya za ta iya janyewa ta hanyar sallamar mutum. Abin da yake naka shi ne kason da aka lamunce a rubuce, kuma ga ƙananan 'yan wasa wannan kason ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma babu.

Ba Osi kaɗai ya bi ta makaranta ba. Amobi Okoye, haifaffen jihar Anambra, ya je Alabama yana ɗan shekara 12, ya kammala digirinsa na nazarin halayyar ɗan'adam a jami'ar Louisville, aka zaɓe shi na goma a 2007 yana da shekara 19. Ezekiel Ansah daga Accra ya je jami'ar Brigham Young a kan gurbin karatu, ya nemi shiga ƙwallon kwando aka ƙi shi, ya gwada tsere, sai daga baya ya faɗa wannan wasan. Detroit Lions ta zaɓe shi na biyar a 2013, ya yi sak 14 da rabi a 2015, sannan kafaɗa ta fara ba shi matsala, a 2020 kuma tsokar dantsensa ta tsinke, daga nan ba a sake ganinsa a fili ba. Dukansu sun fita da wuri. Dukansu kuma sun fita da karatun jami'a a kansu da kuɗin zagayen farko a aljihu.

Yanzu a dubi sabuwar hanyar. A 2017 NFL ta ƙirƙiro shirin shigo da 'yan wasa daga ƙasashen waje kai tsaye, ba tare da sun bi ta jami'ar Amurka ba. Ana tace samari, yawancinsu sun haura shekara 20, da dama daga filin ƙwallon kwando aka tsamo su, a kai su Florida su yi horo na kusan mako goma, sannan a haɗa su da ƙungiyoyi. A 2023 mutum takwas aka raba wa ƙungiyoyi, shida daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Ɗaya daga cikinsu, C.J. Okoye, ya kayar da kwatabak a wasan share fage na Los Angeles Chargers, kuma wannan ne wasan farko da ya taɓa bugawa a rayuwarsa da alƙalin wasa da 'yan kallo. Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta murna. Ni ma na yi murna. Amma na kasa daina tunanin ɗaya gefen maganar: an sa mutumin da bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba ya yi karo da waɗanda suka shekara goma sha suna koyon yadda ake karon.

Tun daga 2024 kowace ƙungiya tana da ƙarin gurbi ɗaya a rukunin 'yan atisaye, wanda aka keɓe wa ɗan ƙasar waje. Nan ne mafi yawan samarinmu suke zama. Ɗan rukunin atisaye yana yin horo duk mako, shi ne ake gwada dabaru a jikinsa, amma ranar wasa yawanci a gefe yake tsaye da kayan gida. A 2024 mafi ƙarancin abin da ake biyansa dala 12,500 ne a mako, wato dala 225,000 idan ya kai ƙarshen makonni 18 ba a sallame shi ba. A canjin 'yan shekarun nan wannan ya haura naira miliyan 300. Ba zan raina wannan kuɗi ba, kuma duk wanda ya raina shi bai san halin da gidaje suke ciki ba. Ko bayan an cire haraji da kason wakili da kuɗin haya a birnin Amurka, abin da ya rage zai iya gina gida ya aurar da ƙanne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu goyon bayan shirin, kuma na yarda da ita. Saurayin da ya gama makaranta yana zaune babu aiki, wa zai ce masa kada ya tafi?

Sai dai a karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda. Fansho a NFL sai wanda ya cika kaka uku da aka lissafa masa, kuma ana lissafa kaka ne idan mutum ya kasance a cikin jerin ainihin 'yan wasan ƙungiya na aƙalla wasa uku. Zaman rukunin atisaye shi kaɗai ba ya shiga wannan lissafi. Inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ritaya ita ma ta waɗanda suka cika wannan sharaɗi ce. Ke nan saurayi zai iya shafe shekara uku ana dukan jikinsa daga Laraba zuwa Juma'a, a sallame shi, ya fita ba fansho ba inshora. Ba'amurken da hakan ta faru da shi yana komawa garinsu, ga takardar jami'a, ga tsofaffin abokan karatu, ga makarantar sakandaren da za ta ɗauke shi koci. Namu bizarsa a ɗaure take da aikin. Zai dawo gida da jiki mai nauyin kilo 130 ko 140 da aka gina don sana'ar da ba a biyan kowa a kanta a nan, ya dawo kuma ƙasar da duk wanda ya taɓa rakiyar mara lafiya asibiti ya san nawa hoton gwiwa ko na kai yake ci.

Za a ce ai ga Efe Obada. Haka ne. An haife shi a Najeriya, masu safarar yara suka kai shi Landan yana ɗan shekara goma suka yasar da shi da 'yar'uwarsa, ya tashi a gidajen riƙo, ya fara wasan yana da shekara 22 da wata ƙungiyar 'yan sa-kai. A 2018 ya zama mutum na farko daga shirin da ya samu gurbi cikin 53, a Carolina Panthers, kuma a wasansa na farko ya yi sak ya kuma cafke ƙwallon abokan hamayya. Ya yi shekaru a gasar, har ƙafarsa ta karye a 2023 yana Washington. Labarinsa abin jinjina ne. Amma da yake sunansa ne kullum ake kamawa idan ana maganar masu tsaron baya da shirin ya fitar, wannan ma ya isa ya nuna yawan waɗanda suka kai.

Gwiwa da kafaɗa ana ganinsu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a gani, kuma wani ikon Allah, ɗan Najeriya ne ya fara nuna wa duniya shi. Dokta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh a 2002 aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon Pittsburgh Steelers da ya rasu yana da shekara 50 bayan ya yi fama da ruɗewar tunani da rashin matsuguni. Omalu ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga wata irin lalacewa da ake dangantawa da yawan bugun kai, irin wadda a da a 'yan damben zamani aka san ta. A 2005 ya wallafa bincikensa, cutar da yanzu kowa ya sani da CTE. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye takardar. Sai a 2016 wani babban jami'in hukumar ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

A tsakanin waɗannan shekarun, sunayen masu tsaron baya ne suka fi girgiza mutane. Andre Waters ya kashe kansa a 2006, Omalu ya duba ƙwaƙwalwarsa ya ga cutar. Dave Duerson ya bi bayansa a 2011, ya bar wasiyya cewa a binciki tasa, aka bincika aka samu. Junior Seau, wanda ya yi kaka 20 yana cikin mafi shahara a gurbinsa, ya tafi ta wannan hanya a 2012 yana da shekara 43, shi ma aka samu. A 2017 masu bincike na jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka ga alamun cutar a 110. Adalci ya sa a faɗa cewa iyalan da suka ga alamun matsala ne suka fi ba da gawa, don haka ba za a ce haka adadin yake a cikin dukkan 'yan wasa ba, su kansu masu binciken sun faɗi haka. Amma abin da binciken da aka yi ta yi yake nunawa shi ne ba sai mutum ya suma ba. Ƙananan karon da ake yi ɗaruruwa a kaka, waɗanda ko tsayar da wasa ba a yi dominsu, su ne suke taruwa. Su wa suka fi yin irin wannan karo? 'Yan layin gaba, masu haɗa kai da kai a kowane juyi. Nan ne kuma ake kai mafi yawan samarin Afirka, domin gurbin da girman jiki da tsawon hannu suka fi amfani ke nan, kuma ya fi saurin koyuwa a kan aikin kwatabak.

Akwai wani babi da ya kamata kowane baƙin mutum ya sani kafin ya amince wa wannan hukuma da kansa. Dubban tsofaffin 'yan wasa sun kai NFL ƙara a kan raunin ƙwaƙwalwa, aka sasanta, kuma abin da aka biya ya zuwa yanzu ya haura dala biliyan ɗaya. Amma wajen tantance wanda ya cancanci diyya, an yi amfani da wani ma'auni da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali kaifin tunaninsa yana ƙasa da na farar fata, don haka sai ya nuna lalacewa mai tsanani kafin a yarda ya samu naƙasa. Wannan a gasar da fiye da rabin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Sai da Kevin Henry, tsohon mai tsaron baya na Steelers, da Najeh Davenport suka shigar da ƙara a 2020, sannan a 2021 hukumar ta ce ta daina. Ba a zamanin kakanni aka yi wannan ba, shekara ɗaya ce tak tsakaninsa da sansanin Ghana. Wannan sasantawar ma ta waɗanda suka yi ritaya kafin tsakiyar 2014 ce, babu ruwanta da yaron da aka ɗauka jiya.

Ba a zauna haka nan ba, dole a faɗa. An rage yawan atisayen da ake yi da cikakken karo, an hana kai hari da ƙoƙon hula, an sa likitoci masu zaman kansu a gefen fili, an fito da wata hula mai taushi da ake ɗorawa a kan hular kwano. Lokacin da zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili a Janairun 2023 bayan ya tare wani ɗan wasa, saurin ma'aikatan lafiya ne ya zama sanadin rayuwarsa. Amma hukumar da ta yi waɗannan gyare-gyare ita ce kuma ta ƙara yawan wasannin kaka daga 16 zuwa 17 a 2021, shugabanninta kuma ba su ɓoye cewa 18 suke hange ba.

Chris Borland shi ne mutumin da nake yawan tunawa. San Francisco 49ers ta ɗauke shi a 2014, ya yi kaka guda mai kyau ƙwarai, kowa na cewa an samu sabon tauraro. A Maris na 2015, yana da shekara 24, ya ce ya bari. Ya karanta binciken da aka yi, ya tattauna da masana, ya auna, ya ga ba zai sayar da ƙwaƙwalwarsa ba, har ya mayar da wani kaso na kuɗin da aka ba shi. Ya iya yin haka ne saboda yana da wajen komawa. Saurayin da dangi gaba ɗaya suka rataya a wuyansa, wanda zamansa a ƙasar ya dogara da kada koci ya ga rauninsa, idan kansa ya yi jiri a atisaye zai ɗaga hannu ya faɗa? Ni ban ga alama ba. Shiru zai yi ya koma layi.

Abin da nake gani ya kamata shi ne a juya nauyin shirin zuwa makaranta. Hanyar ma tana nan. NFL tana da makarantar horo a Loughborough ta Ingila, inda yara 'yan shekara 16 zuwa 19 suke haɗa karatu da wasa, kuma akwai 'yan Najeriya da suka bi ta nan suka samu gurbi a jami'o'in Amurka. Wannan ita ce ta yi kama da hanyar Osi. Wanda ya bi ta, ko NFL ba ta ɗauke shi ba, kuma mafi yawa ba za ta ɗauke su ba, tunda ko cikin 'yan wasan jami'a na Amurka ba a kai biyu cikin ɗari da ake zaɓa ba, zai tashi da digiri. Ta fi tsada, ta fi jinkiri, ba ta kuma samar da bidiyon da ke yawo a waya cikin wata uku. Ina zargin shi ya sa ba ita ake tallatawa da ƙarfi ba. Ga yara ƙanana kuwa, akwai nau'in wasan da ba a karo, wanda ake fizge ƙyalle daga ƙugun mutum maimakon kayar da shi, kuma za a buga shi a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Shi Omalu ra'ayinsa a fili yake tun 2015, kada a bar wanda bai kai shekara 18 ba ya yi wasan karo. Idan za a shigo da wasan makarantunmu, a tsaya a kan na ƙyallen.

Hukumar wasanni ta ƙasa, wadda aka dawo da ita a 2024 a madadin ma'aikatar wasanni, tana da abin yi a nan da ya wuce ɗaukar hoto da baƙi. Duk mai zuwa ɗibar samari, a tambaye shi a rubuce: wanda aka sallama, wa zai biya kuɗin jirginsa da na jinyarsa, kuma har tsawon wane lokaci? 'Yan jaridarmu na wasanni su ma su riƙa bin labarin bayan shekara biyu, su nemo waɗanda aka yi wa biki a 2022 da 2023 su ji inda suke, ba ranar tafiya kaɗai ba.

Babban gyaran kuwa a teburin ciniki yake. Yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, wadda aka amince da ita a 2020 da ƙuri'a 1,019 a kan 959, za ta ƙare ne bayan kakar 2030, kuma a cikinta ake rubuta wanda ya cancanci fansho da inshora. Ba wani abu mai wuya ba ne a sa sakin layi guda da zai ce shekarun da ɗan ƙasar waje ya yi a gurbin nan na musamman za su shiga lissafi, ko a ware masa kuɗin karatu da na lafiya da zai iya amfani da su a ƙasarsa. Mutum 32 ne kacal a shekara, a gasar da kuɗin shigarta ya haura dala biliyan 20. Samarin ba su da yawan ƙuri'ar da za su tilasta wannan, kuma Ba'amurken ɗan wasa yana da nasa buƙatun da zai sa a gaba. Wanda yake da bakin faɗa a ji shi ne Osi, wanda a yau yake cikin gidan NFL, ya kuma taɓa sa sunansa a takardar ƙara don a biya shi haƙƙinsa. Idan masu ƙungiyoyi suka zo neman wasa na 18, za su zo da abin musanya a hannu, kuma a lokacin ne ya kamata a ajiye musu wannan buƙata a kan tebur.